Kujerar Malam Jatau da Rijiyar Gidan Nomau

Ku ajiye wayoyin nan, ku tattara hankalinku wuri ɗaya. Ba a sauraron magana ana danne-danne. In na kai ƙarshe akwai tambayar da zan yi muku, kuma wanda bai ji farko ba kada ya sa mini baki a ƙarshe.

A wata ƙaramar hukuma aka yi abin nan. Ba zan faɗi sunanta ba, don mutanen suna nan da ransu. Shekara ashirin da shida ina shara a sakatariyarta, ita kuwa mai shara ba a ɓoye mata magana, don ba a ma ganin tana wurin.

Akwai sashen duba-gari, masu lura da tsabtar gidaje da rijiyoyi da kwatoci. Shugabansa Malam Jatau ya tsufa, an ba shi takarda cewa ƙarshen damina zai yi ritaya. Kujerarsa guda ce, mai juyawa, da fanka a samanta, da makullin ɗakin ajiya a aljihun teburin. Mutum uku ne a ƙarƙashinsa, kowannensu ya sa mata ido.

Na farko Sallau. Shekararsa ashirin da biyu a sashen. Babu lungun da bai sani ba a garin, babu mai unguwar da ba ya kiransa da suna. Boko kaɗan ya yi. Sau biyu ana ɗauko yaro mai takarda a ɗora masa a kai, ya haɗiye. Wannan karon ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, kujerar tasa ce.

Na biyu Tanimu, mai jini a jika. Babur ɗin sashen a hannunsa yake, duk aikin nesa da na wahala shi ake turawa. Yana ganin shi ke gudu, wasu ke cin zomon. In Sallau ya fara lissafa shekarunsa, sai Tanimu ya ce, "Baba Sallau, ai bencin nan ma ya fi ka daɗewa a ofis, ba a ba shi komai ba."

Ta uku Barira. Takarda ce ta zo daga jiha, ta ce a riƙa ɗaukar mata aiki a kowane sashe, a ba su haƙƙinsu wurin ƙarin girma kamar yadda ake ba maza. A kan wannan takarda aka ɗauke ta, ko da yake ta yi makarantar koyon aikin tsabta, shaidarta ma ta fi ta su biyun. Ni ban ga laifinta a sutura ba, hijabinta har ƙasa, ba ta tsayawa hira da maza. Amma tana da ɗaga kai, kuma ba ta iya ɓoye abin da ta sani.

Ranar da ta fara zuwa aka ajiye mata tebur a bakin ƙofa, inda rana ke dukan mutum. Suka sa mata suna Hajiya Takarda. Baƙo ya shigo sai a ce, "Hajiya Takarda, a samo masa ruwa." Aka aika ta bita babban birni har kwana biyar, ta dawo da jaka mai tambari. Tanimu ya kwana uku bai amsa gaisuwarta ba. Ya ce shi da ya karya ƙafa a hanyar ƙauye ko tasha ba a taɓa aika shi ba. Sallau kuwa in ta buɗe littafinta sai ya ce, "A karanta mana, mu jahilai mu ƙaru."

Kada ku ɗauka ita ba ta da nata. Tana kallon babur ɗin nan kamar ta haɗiye shi. Tana kallon bencin gindin darbejiya, inda maza ke zama bayan azahar su yanke duk abin da za a yi, sannan a shigo ofis a faɗa mata. Na sha ganinta ta taga tana cizon leɓe. Hassada ba ta da namiji ba ta da mace. Duk zuciyar da ta samu a buɗe, shiga take yi ta shimfiɗa tabarma.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, amai da gudawa suka ɓarke a Unguwar Masaƙa. Kwana huɗu aka kai mutum goma sha tara asibiti, yawancinsu yara da mata, aka binne biyu. Ciyaman ya zo sashen da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce, "Ku nemo mini inda cutar nan take fitowa. Wanda ya kashe wutar nan, ba zan manta da shi ba ranar da za a cike kujerar Malam Jatau." Da bai faɗi wannan ba da ya fi. Su ukun suka dubi juna kamar karnuka a gaban ƙashi ɗaya.

Abin ya ɗaure wa kowa kai, domin unguwar tana da famfon burtsatse, hukuma ce ta haƙa. An gwada ruwansa, lafiya lau. Kowane magidanci aka tambaya sai ya ce ruwan famfo ake sha a gidansa, 'yan ga-ruwa ke kawowa, shi ke biya. Kuma ba ƙarya suke yi ba, iyakar abin da suka sani ke nan.

Sai ku san yadda ake aikin duba-gari a garin nan tun kafin a haife ku. Unguwar ta masu kulle ce, kowane gida an rubuta "ba shiga" a bango. Ma'aikaci namiji iyakarsa zaure. Ya yi sallama, maigida ya fito, a gaisa, ya tambaya, "Ya masai? Ya rijiya?" Maigida ya ce, "Lafiya lau." Ya rubuta lafiya lau, a ba shi goro, ya wuce gida na gaba. Haka takardu suka cika kabad guda, duk lafiya lau, babu wanda ya taɓa ganin abin da ya rubuta.

Tun ranar farko Barira ta ce a kai ta unguwar ta shiga gidaje. Tanimu ya ce babur ba mai. Da ta ce za ta saya, ya ce makullin babur ya ɓata. Ni na tsinci makullin a cikin kwandon shara, an naɗe shi a takarda. Tanimu ya ce wa masu benci, "In kai ta, ta gano, a ce ita ce? Ni direbanta ne?" Ta je da ƙafa, amma gida goma sha ɗaya ta shiga ba ta ga komai ba, don gidajen sun fi ɗari kuma ba ta san inda za ta dosa ba.

To ga abin da Sallau ya yi. Ya karɓi sunayen marasa lafiya, ya zauna yana bin gidajensu a kansa, don shi ba ya buƙatar taswira. Ya ga duk sun kewaye gida ɗaya kamar ƙawanya, gidan Alhaji Nomau, wani dattijo mai taurin kai. Nan take abin ya faɗo masa. Ya tuna akwai tsohuwar rijiya a cikin gidan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da aka haƙa burtsatse, an ba da umarni a rufe tsofaffin rijiyoyi. Shi aka tura. Ya tsaya a zaure, Alhaji Nomau ya ce an rufe, ya rubuta an rufe, ya sa hannu. Bai gani ba.

Kwana biyu Sallau yana riƙe da wannan a cikinsa. In ya faɗa, ya tona kansa a gaban ciyaman, ga kujera ana shirin bayarwa. Kuma ya san shi ba zai iya wuce zauren ba, dole Barira ce za ta shiga, ita za a yaba. A cikin kwana biyun nan aka ƙara kai mutum shida asibiti. Ran na uku ya zo da idanu jawur, ya ciro tsohuwar takardar daga kabad, ya ajiye a gaban Malam Jatau. Ya ce, "Wannan hannuna ne. Na rubuta abin da ban gani ba. A can za a duba."

Bai tsaya nan ba. Alhaji Nomau ya rantse babu ma'aikacin hukumar da zai taka masa tsakar gida, mace ko namiji. Mai unguwa ya yi magana, ya ƙi. Sallau ya je ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a zauren tun hantsi har la'asar. Ya tuna masa zumuncin iyayensu, ya tuna masa ranar da suka ɗauki gawar mahaifin Alhaji tare. Ya ce, "Alhaji, ni da kai muka yi ƙaryar nan. Ni na riga na faɗi tawa." Daga ƙarshe dattijon ya ce, "Mace ɗaya. Ta shiga ta fito." Babu wani mahaluki a sakatariyar nan da zai iya buɗe wannan ƙofa in ba Sallau ba.

Ga kuma abin da Barira ta yi. Ta shiga ta tarar da mata sun fi goma, da na gidan da na maƙwabta, kowa ta ɗaure fuska. Tsakar gida fes, an share. Ta tambayi rijiya, Iya, yayar Alhaji, wadda ke riƙe da gidan, ta ce, "Wace rijiya, 'yar nan? An rufe ta tun kina yarinya." Barira ta duba ko'ina, ba ta ga bakin rijiya ba. Sai tabarmi a wani lungu an shanya kuɓewa a kai, da turmi a kife a gefe.

Da wata ce, da ta juya ta fita. Ita sai ta ajiye littafinta da jakarta, ta zauna a kan tabarma, ta karɓi tsintar wake a hannun wata. Ta yi ta hira, ba ta ƙara ambaton rijiya ba. Tana tsinta tana kallo, har ta hango igiyar guga a rataye bayan ɗakin girki, tana ɗigar ruwa. Ba ta nuna ta gani ba. Can ta ce, "Iya, ƙishi nake ji. A sam mini ruwan randa." Matan suka dubi Iya. Ba a hana baƙo ruwa, wannan kowa ya sani. Aka ɗebo a moɗa aka miƙa mata. Ta yi bisimilla, ta kai baki, har ruwan ya taɓa leɓenta. Sai wata yarinya, matar ɗan Alhaji, wadda ɗanta ke kwance a asibiti, ta zabura ta buge moɗar. Ta fashe da kuka ta ce, "Kada ki sha, Yaya! Na rijiya ne."

Nan magana ta fito. Ruwan famfo yana da zartsi, yana ɓata koko, wake ba ya nuna da shi, sabulu ba ya kumfa. Sai matan suka bar shi don wanke-wanke, na sha da girki kuwa daga rijiyar suke ɗiba, suna miƙa wa juna ta kan katanga, gida zuwa gida, shekara da shekaru, mazansu ba su sani ba. Aka janye tabarmin kuɓewa, ga rijiya an rufe da faranti. Taku huɗu daga bakinta an haƙa sabon masai bara, ruwan sama ya zaftare ƙasar da ke tsakaninsu. Barira ta cika kwalbar gwaji ta fito. Ko Sallau ya shekara a zaure ba zai ga wannan ba.

Amma ku ji nata. Alhaji Nomau ya ce rijiyar kakansa ce, ba za a zuba mata siminti ba sai ya ga takardar likita da idonsa. Ɗakin gwaji kuwa yana babban asibiti, a wani gari, tafiyar awa biyu a babur. Tanimu yana tsaye a ƙofar gida, makulli ya dawo, ya miƙo hannu ya ce ta kawo. Barira ta dube shi ta ce, "Ai babur ba mai." Ta sa kwalbar a jaka ta nufi gidan ciyaman, don ta danƙa masa da hannunta, ya san wanda ya yi aikin. Ciyaman ya tafi ɗaurin aure wani gari. Ta zauna jira, bai dawo ba sai washegari. A wannan tsakanin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gadar da ke kan hanyar asibiti ta tafi. Matan wasu gidajen kuwa ba su daina shan abin da ke randunansu ba, don sun ce ba su ga shaida ba.

Sai ga abin da Tanimu ya yi. Da safe direban ciyaman ya je ya ga rafin da ya cinye gadar ya dawo, ya ce mota ba ta wucewa, a jira kwana uku ruwa ya janye. Barira ta zo ofis fuska a kumbure, ta ajiye kwalbar a tebur. Tanimu ya ɗauka ya fita. Ya hau babur har bakin rafi. Mutane sun taru a gaɓa, babu mai shiga, ruwa ja yana tafe da itatuwa. Ya bar babur a wurin wani mai shayi, ya naɗe kwalbar a rigarsa ya ɗaura a ka. Aka ce masa, "Kai, kana da iyali!" Ya shiga. Ruwa ya kai masa wuya, ya ja shi ƙasa nesa da inda ya shiga, wani reshe ya tsaga masa cinya. Ya fita a ɗaya gaɓar da kwalba a kansa ba ta fashe ba.

Ya yi tafiyar ƙasa da ƙafa mai jini har ya samu motar itace ta ɗauke shi. Ya tsaya a kan masu gwaji, ya ƙi tafiya a ɗinke shi sai da suka karɓa. Kwana biyu yana kwance a barandar asibiti har sakamako ya fito. Ya sake ƙetaro rafin da takarda a cikin leda, da buhun maganin ruwa a kafaɗa. Aka karanta wa Alhaji Nomau, ya sunkuyar da kai ya ce a rufe. Aka bi randuna gida gida aka zubar, aka sa magani, aka kawo tankar ruwa. Cikin mako guda cutar ta tsaya. Yaron nan na matar ɗan Alhaji ya tashi, yanzu haka yana makaranta.

Sai dai da aka buɗe takardar asibitin, a wurin da aka tambayi sunan ma'aikacin da ya gano rijiya ya ɗebo ruwan, Tanimu sunansa ya bayar. Shi kaɗai. Wannan takarda ita ta tafi jiha.

Damina ta wuce. Aka yi wa Malam Jatau walima, ya ajiye makulli a kan tebur ya tafi gida. Ciyaman ya kira su uku, ni ina goge taga.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, in ban tuna rijiyar ba, in ban tona kaina ba, in ban buɗe zauren ba, da har yau suna yawo a unguwa. Yaran nan a bayana suka shiga."

Barira ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha ɗaya ƙofar tana hannunsa, me ya gani? Ni na kai ruwan cuta bakina. Kuma a sashen nan ba a taɓa ba mace ko makullin banɗaki ba."

Tanimu ya ɗage wandonsa ya nuna tabo. Ya ce, "Kwalba a jaka ba ta rufe rijiya. Baba ya zauna a zaure, Hajiya ta zauna a tabarma. Ni ne na shiga ruwa."

Sallau ya ce, "Kai da ka jefa makulli a shara?"

Tanimu ya ce, "Kai da ka yi shiru kwana biyu?"

Barira ta buɗe baki, sai su biyun suka juyo tare suka ce, "Ke da kika kwana da kwalba?" Ranar ce kaɗai na ga bakin Sallau da na Tanimu ya zo ɗaya.

Sakatariya ta rabu. Maza a gindin darbejiya suna cewa in aka ba Barira, takardar jiha ce ta ba ta, ba aikinta ba, kuma daga yau duk namijin da ya shiga ruwa wawa ne. Matan sashen lafiya da na ilimi suna cewa in aka hana ta, don mace ce, kuma gara a yage takardar a daina yaudarar mutane. Tsofaffi suna bayan Sallau, samari suna bayan Tanimu. Har wata a cikin matan na ji tana cewa, "Ita Barirar nawa take? Mun riga ta zuwa, ba a kai mu bita ba." Na ce muku hassada ba ta tambayar jinsi.

Ciyaman ya ce zai yi shawara. Ya yi ta shawara har na ajiye tsintsiya na bar aiki. Kullum da safe ni ke kaɗe ƙurar kujerar nan, su uku suna zaune a teburansu, kowa yana kallona ta wutsiyar ido, kada in juya ta ta fuskanci wani.

Kowannensu ya yi abin da in babu shi da an ci gaba da binne yara. Kowannensu kuma ya jinkirta ceto don kada ɗan'uwansa ya samu yabo, kuma akwai waɗanda suka kwanta asibiti saboda wannan jinkiri. Kujera ɗaya ce, ba a raba ta uku, ba a kuma barin sashe babu shugaba.

To, ga makullin Malam Jatau a hannunku. Kada wanda ya ce mini a ba Barira don mace ce, kada wanda ya ce a hana ta don mace ce, in ba haka ba ya tashi ya ba ni wuri. Tsakanin wanda ya tona kansa ya buɗe ƙofa, da wadda ta kai ruwan cuta bakinta, da wanda ya ƙetare rafi da kwalba a ka, wa za ku miƙa wa, kuma me za ku ce wa biyun da suka rage?